Kafin ka ɗauko injin feshi, fara sanin ƙwaron da ke gonarka

Mu dai a nan Kebbi da an ga ganye ya huhhuje sai a ruga kasuwa a siyo magani, ba a ma tsaya an ga wane ƙwaro ne ya yi ɓarnar ba. Alhali nazarin ƙwari ilimi ne mai zaman kansa da ake karanta shi har digiri na uku, kuma abin da masanan ke fara yi kai ma za ka iya shi a gonarka, ba sai da wasu na'urori ba.

Ka shiga da sassafe ko da la'asar sakaliya. Kar ka tsaya bakin gona kana leƙe, ratsa ta za ka yi kamar kana rubuta harafin W, ka tsaya wuri 5, kowane wuri ka duba shuka 10. In masara ce ka buɗe tsakiyar inda sabon ganye ke fitowa, in ka tarar da kashi kamar garin katako to tsutsa na ciki, ciro ta ka duba da kyau, in akwai alamar Y a kife a kanta da ɗigo huɗu baƙaƙe wajen wutsiya, ita ce tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla Najeriya a 2016 daga nahiyar Amurka. Tun tana ƙarama ake yaƙarta, in ta girma ta shige can ciki wallahi asarar kuɗin magani kawai kake yi.

Masu shinkafa a fadamar Argungu da Suru, in ka ga zangarniya ta yi fari ba ƙwaya, ja ta a hankali, in ta zare ba wuya ka tsaga karan, galibi za ka ga tsutsa ko hanyar da ta ci.

Sai abin da mutane ba su son ji, ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. Zanzaro tsutsotsi yake kwashewa ya kai ɗakinsa na laka, ƙoƙi-ƙoƙi ma farauta yake, haka gizo-gizo (shi ƙafarsa 8, masana ba su ma sa shi cikin ƙwari, nasu 6 ce). Ka yi feshi barkatai ka kashe su duka, tsutsar ta dawo ba mai tare ta. Ƙudan zuma kuwa kar ka fesa wa kankana ko kabewa da hantsi tana fure, su ne ke sa ta ɗaura 'ya'ya.

Wanda ba ka gane ba, ɗau hotonsa da waya, ka jefa shi a ƙaramar kwalba da sifirit, ka rubuta rana da ƙauye da shukar da ka same shi a kai, ka kai wa malamin gona na KARDA (hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kebbi) ko sashen noma na jami'ar Aliero. Ka haɗa da ganyen da ya ci, yana taimaka musu sosai wajen gane shi.