Babi na Shida: Zaɓen Samfefa Gwargwadon Aiki

Wanda ya shiga shagon kayan gini a Gusau, ko Ƙaura Namoda, ko Talata Mafara, ya ce a ba shi samfefa, abin da mai shago zai fara tambayarsa shi ne, "Lamba nawa, Malam?" Mutane da yawa a nan suke cijewa, sai su ce a ba su mai kaushi ko mai laushi, su karɓi duk wadda aka miƙo musu. Alhali kuwa amsar tana rubuce ɓaro-ɓaro a bayan takardar, kuma wanda ya koyi karanta lambobi a darussanmu na baya ya riga ya mallaki rabin wannan darasi.

Juya samfefa ka dubi bayanta, za ka ga lamba kamar 60, ko 120, ko 220. Wannan lamba tana nuna girman ƙwayoyin da aka manna a fuskar takardar. A masana'anta ana tankaɗe ƙwayoyin ne da rariya, yadda ake raba tsaki da gari: rariya mai manyan idanu, waɗanda ba su da yawa a cikin inci ɗaya, ita ke ba da manyan ƙwayoyi, mai ƙananan idanu masu yawa kuwa ita ke ba da masu laushi. Saboda haka ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba ita ce mai laushi. Sau da yawa za ka ga harafin P a gaban lambar, kamar P80, wanda ke nuna cewa an bi ma'aunin ƙasashen Turai, wadda ba ta da harafin kuwa galibi ma'aunin Amurka ne. Har zuwa wajen 220 ma'aunan biyu sun yi kusa da juna, amma daga nan suna rabuwa, ta yadda P400 ta fi 400 ta Amurka kaushi.

Lamba 40 da 60 na aikin ƙarfi ne: cire tsohon fenti, kankare tsatsa mai kauri, da rage tudun falankin da zarto ya bari da gargada. Suna ci da sauri, amma suna barin ƙwarzane mai zurfi, don haka ba a taɓa ƙare aiki da su. Lamba 80 zuwa 120 su ne na yau da kullum a wurin kafinta, domin da su ake daidaita fuskar katako a share sawun mai kaushi. Lamba 150 da 180 su ke shirya katako ya karɓi fenti ko banis. Daga 220 zuwa 400 kuwa ba katakon ake ci da su ba, shafin da ya bushe ake lallaɓawa kafin a ƙara wani a kansa. Masu fentin mota ne ke zarcewa zuwa 600, da 1000, har 2000.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan babi shi ne yadda ake hawa daga lamba zuwa lamba. Kowace samfefa ƙwarzane take yi, aikin wadda ke biye mata shi ne ta share wancan ƙwarzane ta bar nata wanda ya fi ƙanƙanta, har a kai inda ido ba ya gani. Idan mutum ya fara da 60 ya tsallake zuwa 220 don ya rage kuɗi ko lokaci, ƙwayoyin 220 ba su da girman da za su kai gindin ramukan da 60 ta haƙa. Zai ji katakon ya yi santsi a tafin hannunsa, ya ɗauka aiki ya kammala, sai ranar da ya shafa banis ya ga layuka sun fito duhu-duhu a fuskar teburin, domin banis yana taruwa a cikin ramukan ya tona su. A lokacin nan babu magani sai a kankare a koma farko. Tsarin da ya fi kwanciyar hankali shi ne 80, sannan 120, sannan 180. Ana iya tsallake lamba ɗaya a tsakani, kamar yadda aka tsallake 150 tsakanin 120 da 180, amma ba biyu ko uku ba.

Kafintoci suna da dabarar sanin lokacin canja lamba. Kafin a fara guga, a zana fuskar katakon da fensir sama-sama, daga wannan baki zuwa wancan. Idan zanen ya ɓace gaba ɗaya, an taɓa ko'ina. Inda ya rage, wurin yana da kwari. Sai a share ƙurar da tsumma kafin a ɗauki lamba ta gaba, don ƙwaya ɗaya ta 80 da ta faɗo ta maƙale a ƙarƙashin 180 ta isa ta ja layi daga farkon katako har ƙarshensa.

Ba kowane aiki ake farawa da mai kaushi ba, kuma a ganina kuskuren da ya fi yawa ke nan. Katakon da ya fito daga injin fira sumul ba ya buƙatar abin da ya gaza 120. Filawud kuwa fatarsa ta sama siririya ce ƙwarai, idan aka sa masa 60 za a huda ta a kai ga gam ɗin da ke ƙasa, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa. A fara masa da 150 ko 180, a hankali. Itace mai tauri kamar ƙirya ko maɗaci yana jure guga amma yana cinye takarda, melaina kuwa mai taushi ce, nan da nan take lotsewa idan aka danna. Allon karatu na icen aduwa da ya yi gautsi, 120 sannan 180 sun ishe shi.

Bayan lamba sai irin ƙwayar, wadda launi ke taimakawa wajen gane ta, ko da yake launi ba hujja ba ne koyaushe. Mai ruwan ƙasa galibi alminiyam oksaid ce, tana daɗewa, tana yin katako tana yin ƙarfe, ita ce ta kowa da kowa. Baƙa mai santsin baya galibi silikon kabaid ce, wadda ake jiƙawa a ruwa a goga jikin mota, ko fenti, ko roba da ita, ruwan yana wanke ƙura ya hana ta toshewa. Wadda ba a yi ta domin ruwa ba, da ta jiƙa ƙwayoyinta za su zube. Akwai kuma mai bayan ƙyalle, wadda masu walda suka fi so, saboda tana lanƙwasuwa ta zagaye bututu ko sandar ƙofa ba ta yage ba. Ita kuwa mai ruwan ɗorawa, mai arha, kafin a gama ƙafa ɗaya ta kujera ta mutu, kuma arharta ba ta hana ta zama mafi tsada idan aka lissafa yawan da za a saya.

Cikakkiyar takarda tana da faɗin santimita 23 da tsawon 28. A ninke ta gida huɗu, a yaga a bakin tebur. Kada a sa mata almakashi, domin za ta dakushe shi. A naɗe kashi ɗaya a jikin guntun katako mai shafaffiyar fuska wanda ya cika tafin hannu, saboda yatsu kaɗai suna bin kwari su ƙara masa zurfi, katakon kuwa tudu yake ci. A riƙa bin tsawon jijiyoyin itacen, gaba da baya, ba a gicciye ba, ba kuma a kewaye ba. Nauyin hannu ya isa. Idan ka ga sai ka danna da ƙarfi take ci, to, ko dai ta toshe, sai ka kaɗe ta ko ka share da busasshen buroshi, ko kuma ta ƙare, sai ka canja. Tsohuwar 80 ba ta zama 120, duk da cewa wasu suna ajiye ta da wannan niyya. Dakushewa kawai ta yi.

Maganar ƙura ba ta wasa ba ce. A rufe hanci da baki da takunkumi, a yi aikin a waje ko inda iska ke ratsawa. Wasu tsofaffin fenti, musamman na ƙofofin ƙarfe da tagogi, suna ɗauke da dalma, kuma mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan gubarta tun bayan abin da ya sami ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya ta shiga gidaje. Tsohon fenti a goge shi da baƙar samfefa da ruwa don kada ƙurar ta tashi, a nesa da yara da masu ciki da wurin girki, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a kuma cire tufafin aiki kafin shiga gida.

Da damina a ajiye takardun a shimfiɗe cikin leda, domin danshi yana sassauta gam ɗinsu. Da hunturu kuwa ƙura kan sauka a kan ɗanyen banis ta bushe a ciki, sai a bari ya bushe sarai, a bi shi da 320 sama-sama, a share, sannan a ƙara shafi.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya zo da guntun falanki mai tsawon kamu biyu. Malami zai raba wa aji 80, da 120, da 180. Ka karanta lambar bayan kowace da ƙarfi, ka rubuta ta a littafinka. Ka raba falankin biyu da layin fensir, ka goge ɓangare ɗaya da ukun a jere, ɗayan kuma da 80 sannan 180 kawai. Ka shafa ɗan man gyaɗa a duka ɓangarorin, ka ɗaga falankin a hasken rana, ka rubuta jimla biyu a kan bambancin da ka gani.