Yadda Za Ka Zaɓi Littattafan Star Wars da Suka Cancanci Lokacinka

Wanda ya kalli fina-finan Star Wars, labarin ya shiga ransa har ya ji bai ƙoshi ba, da zarar ya nemi littattafan da aka rubuta a kansu zai tarar da su ɗaruruwa, daga alƙaluman marubuta masu yawa, wasunsu ma suna saɓa wa juna ƙarara. Abin ya daɗe, domin tun a ƙarshen 1976, kafin fim na farko ya fito a 1977, aka buga littafinsa da sunan George Lucas a bango, ko da yake Alan Dean Foster ne ya rubuta shi. Kuskuren da sabon mai karatu ya fi faɗawa a ciki shi ne ya nemi jerin littattafan bisa tarihin da ke cikin labarin, ya ƙuduri niyyar bin su ɗaya bayan ɗaya tun daga farko. Ba a rubuta su don a karanta haka ba, kuma mai bin wannan hanya yakan gaji kafin ya isa ga masu daɗin.

Abu na farko shi ne ka san cewa labarin ya rabu gida biyu. Kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin da ke shirya fina-finan, a 2012, sannan a watan Afrilu na 2014 aka ba da sanarwar cewa sababbin fina-finai ba za su bi abin da littattafan baya suka faɗa ba. Tsofaffin aka sa musu suna Legends, ana kuma buga kalmar a kan wani zirin launin zinariya a saman bangon littafi. Sabon reshen, wanda ya dace da fina-finai da shirye-shiryen talabijin na yanzu, ya soma ne da A New Dawn na John Jackson Miller a watan Satumba na 2014. Bambancin ba ƙarami ba ne. A tsohon reshe Han Solo da Leia suna da 'ya'ya uku, Jaina da Jacen da Anakin, Luke kuma ya auri Mara Jade, alhali a sabon reshe ɗa guda suka haifa, wato Ben Solo, kuma wani babban jarumi da aka kashe a wani littafi na 1999 yana nan da ransa a fim ɗin 2015. Idan littafin da ke hannunka na gwanjo ne da aka buga kafin 2014, ba za ka ga wancan zirin ba, saboda haka ka buɗe shafin da ke bayan take ka duba shekarar bugun farko.

Kada kalmar Legends ta sa ka ɗauka cewa an soke waɗannan littattafai ko darajarsu ta ragu. Har yau ana sake buga su, kuma a ganina da yawa daga cikin mafi kyau suna can. Abin da ake so kawai shi ne ka san reshen da kake ciki, ka ɗan daɗe a kansa kafin ka tsallaka ɗayan, don kada labaran su cakuɗe maka.

Daga nan sai ka tambayi kanka abin da ya fi burge ka a fina-finan, domin amsar ita za ta nuna maka ƙofar shiga. Idan burinka ka san abin da ya sami Luke da Leia da Han bayan Return of the Jedi na 1983, to ka fara da Heir to the Empire na Timothy Zahn, wanda ya fito a 1991, ka bi shi da Dark Force Rising na 1992 da The Last Command na 1993. Labarin ya faru ne shekara biyar bayan mutuwar Sarkin Daula, lokacin da 'yan tawayen jiya suka zama gwamnati suna fama da wahalar mulki, sai ga wani babban kwamanda mai suna Thrawn ya haɗa kan ragowar rundunar Daula. Abin da ya sa nake fifita waɗannan uku a matsayin mafari shi ne ba sa buƙatar ka san komai sai fina-finai uku na asali, kuma abokin gabar ba da ƙarfin ɓoye yake yaƙi ba, da kaifin basira yake yi, har yakan nazarci zane-zane da sassaƙe-sassaƙen al'umma don ya gano yadda suke tunani kafin ya kai musu hari. A cikinsu ne Mara Jade ta fara bayyana, a cikinsu ne kuma aka fara kiran babban birnin Daula Coruscant, sunan da Lucas ya ɗauka ya sa a fina-finansa da suka biyo baya. Sai dai ka yi hattara wajen saye, domin an shigar da Thrawn sabon reshe, kuma Zahn ya rubuta masa wani littafi dabam a 2017 mai suna Thrawn, da wasu da suka biyo baya. Marubuci ɗaya ne, jarumi ɗaya, amma tarihin biyu ne.

Idan kuwa matuƙan jiragen yaƙi da sojojin da ba su da takobin haske ne suka fi jan hankalinka, jerin X-Wing ne naka, wanda Michael Stackpole ya buɗe da Rogue Squadron a 1996, Aaron Allston kuma ya ci gaba da Wraith Squadron. A sabon reshe akwai Lost Stars na Claudia Gray, na 2015, labarin matasa biyu da suka tashi tare, suka shiga makarantar sojan Daula, sannan yaƙi ya raba su ɓangare biyu. An rubuta shi ne don matasa, amma hakan bai rage masa nauyi ba, kuma Turancinsa mai sauƙi ya sa ya dace da wanda bai saba da dogon karatu a wannan harshe ba.

Mai son sanin asalin 'yan Sith ya nemi Path of Destruction na Drew Karpyshyn, na 2006, wanda ya koma kimanin shekara dubu kafin fina-finan ya nuna yadda Darth Bane ya kafa dokar cewa su biyu rak za su kasance, maigida da almajirinsa. Darth Plagueis na James Luceno, na 2012, ya fi shi zurfi, amma cike yake da siyasar majalisa da harkar kuɗi da sunaye masu yawa, don haka ka ajiye shi sai ka ɗan goge. Littattafan da suke maimaita fim galibi ba su da wani ƙari, in ban da Revenge of the Sith na Matthew Stover, na 2005, wanda ya shiga zuciyar Anakin Skywalker, mahaifin Luke, ya bayyana tsoron da ya kai shi ga faɗuwa fiye da yadda fim ɗin ya samu damar yi.

Kafin ka ɗauki kowane littafi, ka bincika ko shi kaɗai ne ko kuwa kashi ne na wani dogon jeri. Duk wanda ya taɓa sayen kashi na biyu na littafin Hausa ba tare da na ɗaya ba ya san wannan takaici, a nan kuma abin ya fi girma. The New Jedi Order littafi 19 ne, an buga su tsakanin 1999 da 2003, kuma sun ɗauka ka riga ka san 'ya'yan Han da Leia da tarihin shekarun da suka gabata. The High Republic, wanda ya soma da Light of the Jedi na Charles Soule a 2021, ya koma kimanin shekara 200 kafin The Phantom Menace, kuma an rarraba labarinsa tsakanin littattafan manya da na matasa da na yara da masu zane-zane. Za ka iya karanta na farkon ka tsaya, amma idan ka ci gaba za ka riƙa cin karo da mutanen da aka gabatar a wani wuri. Shi ya sa nake ba da shawarar littafi guda mai cin gashin kansa, irin Kenobi na Miller ko Bloodline na Gray, kafin a shiga alkawarin da zai ci watanni.

Idan ka gama littafi ya yi maka daɗi, ka bi marubucinsa maimakon lambar da ke biye, domin a irin waɗannan jerin alƙalami yakan canja hannu, inganci kuma ya hau ko ya sauka tare da shi. A farkon yawancin littattafan akwai jadawalin da ke nuna inda kowanne ya faɗo, kuma masoya labarin suna ƙirga shekaru daga yaƙin Yavin, inda aka tarwatsa Death Star na farko: BBY na nufin kafin yaƙin, ABY kuma bayansa. Ka yi amfani da jadawalin don gane matsayin littafin da ka riga ka zaɓa. Idan a intanet za ka saya, ka fara karanta shafukan gwaji da ake bayarwa kyauta. Idan kuma na saurare kake so, ka duba tsawon sa'o'insa, domin da yawa daga cikin tsofaffin an taƙaita su sosai lokacin da aka naɗe su, har littafi mai shafi 400 ya koma sa'o'i uku.