Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura mariƙin inji a babbar roka

Rokar gwaji tana shiga sahun manya ne daga injin aji H, wanda jimillar turinsa ta haura niyuton-daƙiƙa 160, kuma kowane harafi na gaba ninkin na bayansa ne. A Amurka sai da shaidar ƙwarewa daga NAR ko Tripoli, ƙungiyoyin masu harkar roka, ake sayar wa mutum irin wannan inji, kuma cikin abin da ake dubawa bayan harbin neman shaida har da ko injin ya dawo ƙasa a mazauninsa. Abin da ke tsare shi a nan shi ne mariƙi: zoben alminiyam da ake mannawa a gindin bututun inji, da murfi mai tiredi da ake murzawa a kansa.

Da yawa ba su fahimci aikinsa ba tun farko, suna zaton shi ke ɗauke da ƙarfin tashi. A'a. Lokacin tashi, leɓen da ke gindin kwanson inji ne ke tokare bakin bututu ya tura roka sama. Mariƙi yana jiran can ƙololuwa, sa'ad da albarushin fitar da laima, wato lemar da ke sauko da roka a hankali, ya tashi. Iskar da albarushin ya haifar mafita take nema, kuma duk inda ya fi sauƙi nan za ta bi. In inji ya fi hular roka sako-sako, inji ne zai fice ta baya, laima ta zauna a ciki, roka ta sulmiyo da ka. Shi ya sa naɗe kwanso da salatif a cusa, dabarar ƙananan rokoki, ba abin dogaro ba ne a nan.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki kuwa na tsari ne. Mariƙi shi ne na ƙarshe a mannawa, amma shi ya kamata a fara aunawa. Mutum zai manne faifan baya, wato na ƙarshe cikin faifan da ke riƙe bututun inji a tsakiyar jikin roka, daidai da bakin bututu saboda ya fi kyan gani, sai daga baya ya ga babu inda mariƙi zai zauna. Kafin ka buɗe gam, zura mariƙin a bututu har ya dire, ka zagaye shi da fensir. Faifan baya ba zai ƙetare wannan layi ba. Sannan ka duba ramukan fukafukai a jikin roka, domin harsunansu, wato ɓangaren da ke shiga cikin jikin roka, su ma a tsakanin faifai suke sauka, kuma sau da yawa gyara ɗaya na ɓata ɗaya. In an riga an yi aika-aikar, ba sai an fasa ba: akwai mariƙi mai faffaɗan baki da ake ɗaurewa da sukurori a jikin faifan, ko a yi ƙananan maƙalai na ƙarfe biyu ko uku su riƙe leɓen kwanson.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne lafta gam a kusurwar faifan ta waje. Ya bushe ya yi tudu, mariƙi ya zauna a karkace. Bar wannan gefen fes. Kada ma ka manne faifan baya sai ka gama zuba gam a gindin fukafukai ta ciki, ka kuma sa abin da sukurin maɓallin da ke zamewa a ƙarfen harba roka zai kama.

Sai zaɓin gam. Efoksi mai kamawa cikin minti 5 yana laushi in ya ji zafi, gindin roka kuwa nan ne matattarar zafi. Masu harkar sun fi amfani da efoksin JB Weld na asali, wanda ke son awa 15 zuwa 24 kafin ya gama ƙarfi. Amma ko shi ba ya kama santsi. Bututun kwali yana da wata fata mai sheƙi da za a ɓare. Na faiba a kankare shi da samfefa mai kaushi har ya yi fari, a goge da sifirit. Cikin mariƙin ma a karce shi. Ka shafa gam a jikin bututu, ba a cikin mariƙi ba. In ka zura, rarar za ta taru ta wajen faifai. Wanda ya shafa a mariƙi kuwa, bakin bututu zai kwashe gam ɗin ya tura shi hanyar inji da kan tiredi. Rufe tiredin da salatif, cire murfin ka ajiye shi nesa, ka zura kwanson da aka shafa wa ɗan giris don ka tabbatar yana shiga yana fita, sannan ka zare shi kafin gam ya kama. Kwanson da ya manne a ciki, sai dai haƙuri.

Wajen saye ma ana tuntuɓe. Milimita 29, 38 ko 54 faɗin inji ne; kaurin bangon bututu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa kamfanin Aero Pack ke yin mariƙi fiye da iri ɗaya ga inji mai faɗi ɗaya. Auna bayan bututunka tukuna.

Ƙarfe da gam a wutsiya nauyi ne, kuma suna jan cibiyar nauyi baya. Lissafin da ka yi a manhajar zanen roka ta OpenRocket kafin gini ya tsufa. Loda roka da inji da laima, ɗora ta a kan igiya ka nemo inda take daidaita, ka tabbatar wurin yana gaban cibiyar matsin iska, wato inda ƙarfin iska ke tattaruwa a jikin roka, da aƙalla faɗin jikin roka ɗaya. In bai kai ba, ƙara nauyi a cikin hula, ka manne shi sosai don kada ya ɓalle lokacin tashi.