Kafin ka ba da yaranka don mai jifa: yadda nake auna cinikin besbol

Duk ƙarshen watan Yuli, lokacin da kasuwar musanyar 'yan wasa a gasar besbol ta Amurka ke shirin rufewa, gardama ɗaya ce ke tashi tsakanina da abokan kallona. Ƙungiyar da ta rushe kanta tana sake gini, shin ta kwashi yaranta masu tasowa ta miƙa wa wata don a ba ta gogaggen mai jifa, wato ɗan wasan da ke jefa wa masu bugu ƙwallo, irin wanda ake buɗe wasa da shi? Ni amsata a mafi yawan lokuta a'a ce. Amma akwai ranar da nake cewa e, kuma ga yadda nake gane ta. Ɗauka kai ne a kujerar manaja.

Fara da kalanda, ka ajiye sunan mai jifan a gefe. Ɗan wasa yana zama a hannun ƙungiyarsa shekara shida daga shigowarsa babbar gasa kafin ya sami 'yancin zuwa inda ya so, kuma a ukun farko albashinsa bai taka kara ya karya ba. Idan ka ba da yaro, shekara shida masu araha ka bayar. Gogaggen da za ka karɓa kuwa sau da yawa saura masa shekara biyu ko uku a kwantiragi. Rubuta shekarar da kwantiraginsa zai ƙare, ka rubuta shekarar da kake ganin ƙungiyarka za ta iya neman kofi da gaske. In ta biyun ta wuce ta farkon, rufe maganar. Kaka wasa 162 ce, shi kuma sau 32 ko 33 zai fito. Ba zai ɗauki ƙungiyar da ke cin wasa 70 ya kai ta 90 shi kaɗai ba.

Mataki na biyu ya fi ciwo, domin gaya wa kai gaskiya ne. Kada ka dubi yawan wasannin da ka ci bara kawai. Haɗa makin da ka ci, ka haɗa wanda aka ci ka, ka ga wanne ya rinjaya. Seattle Mariners sun ci wasa 88 a 2007, suka ɗauka sun kusa, alhali makin da aka zura musu ya fi wanda suka zura. A Fabrairun 2008 suka ba Baltimore 'yan wasa biyar, har da Adam Jones da Chris Tillman, suka karɓi Erik Bedard. Bedard ya fito sau 15 kacal a kakar, rauni ya kwantar da shi, Seattle ta sha kashi sau 101. Jones kuwa ya zama ginshiƙin Baltimore na shekara goma, aka zaɓe shi cikin taurarin gasar sau biyar. Sa'a ce ta ba su 88 ɗin nan, suka ɗauke ta ƙarfi.

Na uku, ka tuna hannun mai jifa ba abin dogaro ba ne. Jijiyar gwiwar hannu in ta tsinke, tiyatar da ake kira Tommy John tana cinye shekara guda zuwa ɗaya da rabi. Ko ba rauni, mutum kan ɓace haka nan. A Disambar 2015 Arizona ta ba Atlanta Dansby Swanson, wanda ta zaɓa na ɗaya a duk ƙasar a zaɓen sababbin 'yan wasa watanni shida kafin nan, ta ɗora Ender Inciarte da Aaron Blair, don Shelby Miller. Miller ya ci wasa 3 ya faɗi 12 a 2016, ana zura masa sama da maki shida a kowane zagaye tara, wato tsawon wasa guda.

Sai ka tambayi aljihu. Abin da kuɗi zai saya, kada ka biya shi da yara. Chicago Cubs sun ci wasa 73 a 2014, yaransu sun nuna, sai suka ba Jon Lester dala miliyan 155 na shekara shida. Kris Bryant da Javier Baez da Addison Russell duk suka tsaya a gida. A 2016 suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1908. Jake Arrieta ma da arha suka same shi daga Baltimore a 2013, lokacin da kowa ya fitar da rai da shi. Ƙungiya mai gini irin wannan sayayyar ta dace da ita.

To yaushe nake cewa e? Kansas City Royals, Disambar 2012. Sun ci wasa 72 ne kawai a kakar, suka ba Tampa Bay Wil Myers da Jake Odorizzi da wasu biyu, suka karɓi James Shields da Wade Davis. An zage su sosai, Myers ma ya lashe kyautar gwarzon sabon shiga a 2013. Amma dubi abin da ke ƙasa: Eric Hosmer, Mike Moustakas, Salvador Perez, Lorenzo Cain da Alcides Escobar duk sun riga sun shigo babbar gasa, agogon shekara shidansu yana tafiya. Ginin ya kai linta, rufi ake nema. Shields ya yi jifa sama da zagaye 220 a kowace cikin kakarsa biyu, ƙungiyar ta ci wasa 86, ta ci 89 har suka kai World Series, wasannin ƙarshe na neman kofi, a 2014. A 2015 ya riga ya tafi, amma Davis ne ya yi jifan ƙarshe da ya ba su kofi. Ƙidaya naka: in ba ka da matasa huɗu ko biyar da suka zauna daram a manyan, kai ba Kansas ba ce.

In har za ka yi cinikin, ka ba da daga inda kake da rara, gurbin da kake da mutum biyu. Kuma ka sa ido a kan gyara, ɗan yaron da ake cewa "ƙara mana wancan mu tashi". Wannan wurin ya fi ɓata mini rai. A Yunin 2016 Chicago White Sox ta karɓi Shields ɗin nan daga San Diego, ƙarfinsa ya fara ja baya, a cikin waɗanda ta bayar har da yaro ɗan shekara 17 da bai buga ko wasa ɗaya na ƙwararru ba. Fernando Tatis Jr. ke nan. Pittsburgh ta ba da Tyler Glasnow da Austin Meadows don Chris Archer a ranar 31 ga Yulin 2018, gyaran da aka bari sai daga baya a faɗi sunansa shi ne Shane Baz, wanda ta ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2017. Wasa 69 ta ci a kaka mai bi.

Saboda haka kafin ka ɗaga waya, rubuta sunaye biyar da ba za a taɓa ba, ka sa ƙananan da ba su kai shekara 19 ba a ciki. In ɗaya ɓangaren ya nace a kan wani yaro da kai ba ka san shi sosai ba, dakatar da cinikin, ka kira wanda ya gano yaron ka tambaye shi abin da suka gani.