Babi na Shida: Tuƙa Motar Sintiri Idan An Yi Kiran Gaggawa

Wannan babi na ɗan sandan sa-kai ne wanda wata rana za a iya miƙa masa makullin mota. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta san da zamanka, amma kakin da ke jikinka ba lasin tuƙi ba ne. Sai kana da lasinka mai rai, sai kuma shugaban ofishinku ya ba ka izini. Idan ka rasa ko da ɗaya daga cikin biyun nan, zauna a kujerar gefe ka riƙa kallon hannun direba. Wannan ma karatu ne, kuma ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: Kafin ka tayar da mota

Zagaya motar da ƙafarka. Dubi tayoyi huɗu, har da safaya. Buɗe bonet, zaro sandar gwada baƙin mai, goge ta da tsumma, mayar, sake zarowa. A jikinta akwai alama biyu. Man ya tsaya tsakaninsu. Duba ruwan lagireto tun inji na da sanyi, kada ka buɗe murfinsa da zafi.

Shiga ka murza makulli. A agogon mai za ka ga harufa biyu. F na nufin tanki ya cika, E na nufin mai ya ƙare. Babban agogo mai lambobi 20, 40, 60 shi ke gaya maka gudunka, wato kilomita nawa kake ci a awa ɗaya. Idan wata jar fitila ta ƙi mutuwa bayan inji ya tashi, kashe motar ka kai rahoto. Taka birki ka ji ya yi tauri. Ɗaura bel, na gefenka ma ya ɗaura. Ba wuya, ko? Yi haka kullum da safe, tun kafin kira ya zo.

Darasi na 2: Mararraba

A nan nake so mu daɗe, domin a nan ɗalibai suke faɗuwa.

Jiniya roƙo ce kake yi wa mutane su ba ka hanya. Wani zai ji, wani ba zai ji ba. Mai mota ya rufe gilashi ya ƙure rediyo. Mai adaidaita sahu hankalinsa na kan fasinjan da ke ɗaga masa hannu. Akwai kurma, akwai tsohuwa, akwai yaro mai talla da faranti a ka. Gine-ginen da ke kan kwana ma suna tare ƙarar, wanda ke tahowa daga gefe sai ya zo dab yake jin ta.

Saboda haka, idan ka hango mararraba, ɗage ƙafa daga totur tun daga nesa. Taka birki. Sauko da giya. Idan danja ta nuna ja, ko ka ga allon nan ja mai kusurwa takwas da aka rubuta STOP, tsaya. Ma'anar rubutun ke nan: tsaya. Mu a Najeriya tun 1972 hannun dama muke bi, don haka motar da za ta fara cim maka daga hagu za ta fito. Dubi hagu, dubi dama, sake duban hagu.

Maimaita da baki: rage gudu, hagu, dama, hagu.

Yanzu ga wurin da ya fi kama mutane. Babbar mota ta tsaya maka a layi na farko, direbanta har yana yi maka hannu ka wuce. Sai ka ji daɗi ka taka totur. To, jikin wannan babbar mota ya rufe maka layi na biyu, kuma ɗan acaɓan da ke tahowa ta bayanta bai gan ka ba, kai ma ba ka gan shi ba. Direba ɗaya ne ya tsaya maka. Turo hancin mota a hankali, kamar mai leƙa gidan surukai, har idonka ya ga layi na biyu. Ya tsaya? Matsa. Akwai na uku? Sake leƙawa. Kowane layi da nasa duban.

Ko a Ingila, inda 'yan sandan sa-kai ba sa kunna shuɗiyar fitila su yi gudun gaggawa sai sun ci kwas na musamman, abin da ake koya musu game da jan danja shi ne su ɗauke ta a matsayin wurin ba da hanya, sai sun tabbatar babu mai zuwa sannan su ratsa.

Idan ka kasa a karon farko, kada ka karaya. Ƙafa ce ba ta saba ba, za ta saba. A fita fili a jera duwatsu a yi layi uku, abokai su tsaya a matsayin motoci. Rage gudu, hagu, dama, hagu. Layi na farko, leƙa. Layi na biyu, leƙa.

Amma fa zan faɗa muku gaskiya. Wasunku a fili suna yi daidai, da an kunna jiniya sai jini ya hau, ƙafa ta nutse a totur, duk karatun ya bi ruwa. Kun girma, kuna da iyali! Me ake gaggawar? Wanda ya kira lambar gaggawa ta 112 yana jiran ku iso ne. Idan kuka kaɗe ɗan mutane a mararraba, ba ku isa wurinsa ba, kuma kun buɗe wa ofis sabon aiki. Kada wani ya sake ce mini "ai sun ji jiniya". Ka ga sun tsaya da idonka? Idan ba ka gani ba, ba su tsaya ba. Rage gudu, hagu, dama, hagu.

Darasi na 3: Gudu da tazara

Lamba a cikin jan da'ira a bakin titi ita ce iyakar gudu. A cikin gari 50 ne. A gudun 50, motarka na cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Idan ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da kai yana ninkuwa sau huɗu.

Idan motar gabanka ta wuce sandar lantarki, ƙirga: dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku. Idan ka iso sandar kafin ka gama, ka matse ta da yawa. Da damina ƙara tazarar.

Darasi na 4: Oba-oba da waya

Na gefenka ne zai yi magana. Hannunka biyu na kan sitiyari.

Darasi na 5: Idan kun isa

Kashe jiniya. Ajiye motar inda ba za ta tare wa motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana hanya ba, ja birkin hannu, bar fitilar sama a kunne. Idan haɗarin mota ne, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce.

Aikin gida: zana mararraba mai layi uku a littafinka, ka sa alama a duk inda za ka leƙa. A kawo ranar Asabar.