Yadda ake fassara kalmomin shiga harka da na aiki daga Turanci ba a ɗora wa kowa laifi ba

Duk wanda aka turo mini ya koyi fassara, jimla ɗaya nake fara miƙa masa: "The village head was involved in the project." Kusan dukkansu abu ɗaya suke rubutowa: da hannun hakimi a cikin aikin. In ka bi kalma-kalma ba su kauce ba. Amma duk Bahaushen da ya ji an ce da hannun wane a cikin abu, abin da zai faɗo masa a rai shi ne an tafka ɓarna ana neman waɗanda suka yi. Bature yabon hakimi ya yi, mai fassara kuma ya kai shi gaban alƙali.

Ba zan tsaya kan ƙa'idar rubutu da haruffa masu lanƙwasa ba, wanda bai iya su ba bai kai nan ba tukuna.

Matakin farko: rufe ƙamus, karanta takardar duka

Mu nan Sakkwato mun tashi da karatun zaure, inda malam ke jan kalmar Larabci ɗaya ya ba da Hausarta, ya ja ta gaba. Hanya ce mai kyau don koyo, amma a zaure malam yana nan zaune, in kalma ta fito a karkace zai bi ta da sharhi. Takardar da ka fassara ita kaɗai za ta tafi, ba malamin da zai bi ta. A ƙasar nan Nana Asma'u da ƙanenta Isa suka mayar da waƙoƙin Shehu daga Fulfulde zuwa Hausa, kuma da sun ja su kalma-kalma da ba su reru a bakin mata ba.

Saboda haka karanta takardar daga farko har ƙarshe. Duk inda ka ga "involved", "participate", "engage" ko "intervene", ja layi a ƙarƙashi ka wuce. In ka gama, dawo kan kowace ka yi mata tambaya uku. Mutumin nan gayyatarsa aka yi ko shi ya cusa kansa? Abin da ya shiga alheri ne ko ɓarna? Da ya shiga, yana da ta cewa ko zama kawai ya yi? Turanci yana iya rufe amsoshin nan duka da kalma ɗaya. Hausa ba ta da irin wannan kalma mai tsayawa tsaka-tsaki, kowacce ka ɗauka ta riga ta yanke hukunci.

Mataki na biyu: zaɓen kalmar shiga

Nan ne aikin yake, kuma nan na taɓa faɗuwa. Wata ƙungiya ta ba ni rahoton gyaran rijiyoyin burtsatse a wani gari, za a karanta Hausarsa a taro gaban uban ƙasa. Akwai wurin da aka ce kuɗin gyara sun yi jinkiri, jimla ta gaba kuma ta ce "traditional leaders were involved throughout". Dare ya yi, ina sauri, na rubuta cewa da hannun iyayen ƙasa a ciki tun daga farko har ƙarshe. Da mai karatu ya iso wurin, sai rumfa ta yi tsit. Bayan an tashi wakilin uban ƙasa, dattijo mai furfura, ya ja ni gefe ya riƙe mini hannu.

"Malam, kai kar rubuta wagga takarda?"

Na ce, "Ni ne, ranka shi daɗe."

"To mi munka yi? Mu da munka bar gonakinmu muna tara mutane, yau a ce da hannunmu ga ɓatan kuɗɗi?"

Ba wanda ya ce kuɗi sun ɓata. Jimlata ce ta zo bayan maganar jinkiri, sai kunne ya haɗa su. Sai da aka sake zama aka karanta gyara, abin da ya kamata in rubuta tun farko: an tafi tare da iyayen ƙasa tun daga farko har ƙarshe. Tun ranar ba na barin "hannu a ciki" ya fita daga alƙalamina sai in laifi ake magana, kamar sata, kisa ko maguɗi.

Ga yadda nake rarraba su. In an gayyaci mutum kuma an ji ta bakinsa, "an dama da shi" ko "an tafi tare da shi". In ya zo ya zauna ne kawai, "ya halarta". Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Rahoto zai ce "women participated", kai kuma ka rubuta an dama da mata, alhali tabarma aka shimfiɗa musu a baya suka saurara suka tashi. Ka yi wa mai rahoton ƙarin da bai yi wa kansa ba. In takardar ba ta fayyace ba, kira wanda ya ba ka aikin ka tambaye shi. Katin waya ne zai tafi, kuma ya fi sake buga takardu arha nesa ba kusa ba.

In mutum ya ba da ƙarfinsa sosai, akwai "ya yi ruwa ya yi tsaki", akwai "ya yi uwa ya yi makarɓiya". Na biyun ina taka-tsantsan da shi, don wani lokaci yana ɗauke da ƙanshin mutum ya yi kane-kane ya hana kowa taɓawa. Daga na farkon ne aka sami "masu ruwa da tsaki" a madadin "stakeholders", kuma gidajen rediyo sun zaunar da shi daram, kada ka wahalar da kanka neman wani.

In ba a kira shi ba ya shigo, nan Hausa ta fi wadata: tsoma baki, katsalandan, shisshigi, shiga sharo ba shanu. Katsalandan na manya ne, ƙasa da ƙasa ko hukuma da hukuma. Shisshigi na maƙwabci ne. Kada ka haɗa "tsoma baki" da "sa baki". Dattijo yana sa baki a sulhunta, mai gulma ke tsoma baki. "Intervene" kuwa in rikici ne shiga tsakani, in annoba ce ko ambaliya kawo ɗauki. Ƙungiyoyi suna yawan cewa "intervention" alhali shiri ko tallafi suke nufi, rubuta hakan kai tsaye.

Akwai kuma wuraren da mutum bai shiga komai ba, abin ne ya same shi. "He was involved in an accident" hatsari ne ya rutsa da shi. Na ga an rubuta yana da hannu a hatsarin, mutumin kuwa fasinja ne yana kwance a asibiti. "The job involves travelling" kuma ba mutum a ciki ma: aikin sai da tafiye-tafiye.

"Engagement" ita ce na fi ƙi, don sau da yawa mai rubuta ta ma bai tsai da abin da yake nufi ba. A takarda ɗaya tana nufin tuntuɓa, a wata zaman tattaunawa, a wata jawo jama'a a jiki. A maganar aure kuwa baiko ne. In ka jefa ta cikin Google Translate ba ka san wadda za ta fito ba. Ban hana ka amfani da na'ura don rage bugun rubutu ba, ni ma ina yi in takarda ta yi tsawo, amma kalmomin da ka ja wa layi da hannunka za ka yi su.

Mataki na uku: ba kowane "work" ne aiki ba

Sabon mai fassara yana ganin "work" sai ya ce aiki, ya wuce. Je ka kasuwar Kara ko tsohuwar kasuwa ka tambayi mai sayar da albasa, "Kana aiki?" Zai iya ce maka a'a, don a kunnensa aiki na mai albashi ne, na ofis ko na gwamnati. Matar da ke soya ƙuli a gida tana ciyar da 'ya'ya da shi ita ma a'a za ta ce. In takardar tambayoyi ce kake fassarawa, ka mayar da masu nema marasa abin yi da kalma ɗaya. Tambayar da ke fitar da gaskiya ita ce, "Wace sana'a kike yi?" ko "Da me ake neman abinci?" Majemi, baduku, maƙeri, mahauci, duk sana'a gare su.

Wanda ake ɗauka a gona ko wurin gini a biya shi da yamma ƙwadago yake yi. In an yi ciniki a kan aikin dungurungum, ko ya gama yau ko jibi, jinga ce. Yarinyar da ke yi wa wani gida wanke-wanke a biya ta aikatau take yi. Mutanen unguwa su fito su yashe magudanar ruwa ba biya, gayya ce, kuma ba ni da kalmar da ta fi ta dacewa da "communal labour". Ɗawainiya da hidima na wanda ke kula da wani ne. "Service" na masu gama jami'a, wanda aka fara a 1973, bautar ƙasa ne, haka kowa ya san shi. "Labour" a maganar ƙungiyar ma'aikata ƙwadago ne, a ɗakin haihuwa naƙuda. In an ce magani "works", cewa za ka yi yana yi, ko ya karɓi mai ciwo.

Sai "volunteer". A ƙamus aikin sa-kai ne, kuma daidai ne. Amma a yankinmu da Zamfara, tun da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari, in ka ce 'yan sa-kai mutane masu ɗauke da makami suke gani. Ka rubuta sanarwa cewa 'yan sa-kai za su bi gida-gida gobe da safe, alhali masu ɗigon rigakafi kake nufi, ka san abin da ka jawo. Ni ina rubuta "masu taimaka wa ma'aikatan lafiya", ko in dole ne a nuna ba biya, "masu aikin taimako don Allah". Ya fi tsawo, in ana biyanka bisa yawan kalmomin Turanci ba abin da zai ƙaru a aljihunka, amma haka za ka yi.

Ƙamus yana da amfani a wannan mataki, bayan ka riga ka san abin da kake nema. Na Roxana Ma Newman na 1990 daga Turanci zuwa Hausa yake, shi za ka fara buɗewa. Kalmar da ya ba ka sai ka kai ta na Bargery na 1934 ka ga yadda take zama a jimla, kuma shi yana nuna kalmomin Sakkwato da na Katsina daban. Na Jami'ar Bayero na 2006 Hausa zuwa Hausa ne, shi ke raba mini gardama.

Mataki na huɗu: salon magana

'Yan siyasarmu ba sa gama jawabi ba su ce "all hands on deck" ba. Maganar ma'aikatan jirgin ruwa ce, mu kuma iyakarmu kwalekwalen gulbin Rima. Ka ce a haɗa ƙarfi da ƙarfe. "Roll up our sleeves" zage damtse ne. "Carry everyone along" tafiya da kowa. "Hit the ground running" ya kama aiki gadan-gadan. "The ball is in your court" ya rage naka, ko in jawabin mai nauyi ne, dabara ta rage ga mai shiga rijiya. "Many hands make light work" hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarko ɗaya nake son ka sani. "Too many cooks spoil the broth" yana da miya da yawan mutane, sai ɗalibi ya yi murna ya kawo "hannu da yawa maganin ƙazamar miya". Sun yi hannun riga. Na Turanci kuka yake da yawan masu sa hannu, namu yabon yawan yake. Faɗi ma'anar a fili: in masu ba da umarni suka yi yawa aiki lalacewa yake. Dokata ita ce karin magana ɗaya a shafi, in ya wuce haka takardar ofis ta koma hirar dandali.

Sauran matakai

Karanta abin da ka rubuta da ƙarfi, sannan ka karanta wa wanda bai ji Turanci ba, ka ce ya faɗa maka wa aka yaba, wa aka zarga. Ni innata nake karanta wa. In ta ɗaga kai ta ce, "Shi kuma mi yay yi?" a wurin da ba laifi, na san jimlar ta karkace.

Rubuta da daidaitacciyar Hausa in takarda ce ta bugawa. In kuwa a rediyo za a karanta wa mutanen Illela ko Gwadabawa, bar mai karatu ya juya ta zuwa bakinsu, kai dai ka tabbata kalmomin shiga da na aiki ba a taɓa su ba. Ajiye littafi ka riƙa rubuta kalmar da ka zaɓa wa kowace ƙungiya, don kada "engagement" ta zama tuntuɓa a shafi na 3 ta koma tattaunawa a shafi na 9. In za ka miƙa aiki, haɗa da 'yar takarda mai jera wuraren da ka tambaya da amsar da aka ba ka, da sunan wanda ya amsa.