Yadda Za Ka Gane Aman Wuta A Ƙarƙashin Bahar Maliya, Da Abin Da Za Ka Yi

Masu aiki a jiragen kamun kifi daga Jizan, Farasan ko Bur Sudan, ku sani tsakiyar Bahar Maliya tsaga ce: ƙasar Larabawa na janyewa daga Afirka kamar santimita 1 a shekara, narkakken dutse na cike gurbin. Haɗarin ya fi yawa a kudu. Jabalud Ɗair, ɗan tsibirin da ke tsakanin Yaman da Eritiriya, ya fashe ranar 30 ga Satumba 2007 bayan shiru tun 1883, sojojin Yaman suka mutu. A tsibiran Zubair kuwa, sabbin tsibirai biyu suka fito daga ruwa, Sholan a Disamba 2011 da Jadid a 2013, kuma masunta ne suka fara ganin na farkon.

Fara da launin ruwa. In shuɗi ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa a wuri mai zurfi inda babu kwari da ke zubo laka, rage gudu. In ga matattun kifi, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga ƙara kamar ana dukan cikin jirgi, to ba sauran jira. Kada ka dogara da na'urar auna zurfi a nan, kumfar iska na rikita ta, taswira ma ba ta san tudun da ya taso jiya ba.

Juya ka nufi inda iska ke fitowa, ko ka ratsa ta ta gefe. A kudancin tekun iska na zuwa daga kudu maso gabas da hunturu, daga arewa maso yamma da bazara. Warin nan iskar farar wuta ce, ta fi iska nauyi, tana taruwa a ɗakin inji da rumbun kifi. In ta yi yawa tana kashe jin wari, don haka ɗaukewar wari ba alamar tsira ba ce. Kowa ya hau sama. Jiƙaƙƙen ƙyalle na tare toka kawai.

Wani abin da ke kashe injin jirage shi ne tsakuwa mai ramuka da aman wutar ke fitarwa, tana yawo bisa ruwa. A 2021 irinta ta tsayar da jiragen masunta a Okinawa ta Japan. Inji na zuƙo ta da ruwan sanyaya, ta toshe matatar ruwa, ta cinye robar famfo, zafi ya hau. Sa mutum guda ya tsare agogon zafi da ruwan da ke fita ta salansa. Ruwan ya ragu? Kashe inji, rufe bawul ɗin shigar ruwa tukuna, sannan ka buɗe matatar ka wanke. Wanda ya manta bawul, teku ya shigo masa. Ka riƙe robar famfo ta ajiya da sifana daidai da ita.

Da ka yi nisa, rubuta wurin daga GPS da lokaci, ka kira masu gadin teku a tasha ta 16 ta rediyon jirgi.

Sauka kan sabon tsibiri kuwa ganganci ne. Tarin toka ne maras ƙwari, ƙarƙashinsa da zafi, anga ba ya kamawa, igiyar ruwa kuma tana zabtare gefensa.